Daga Kuɗin Ƙasa Zuwa Yankan Albashi: Tarihin Kuɗin Makaranta a Arewacin Zamfara

A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta iso Ƙauran Namoda, nan kuma ta ƙare. Ba don matafiya aka shimfiɗa ta ba. Gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa ake so su kai bakin teku. Manomin Jangeru kuwa, shi da na ƙauyukan da ke kewaye, babban abin da ya sa shi ware wani yanki na gonarsa ya shuka abin sayarwa shi ne haraji. Bature ba ya karɓar damin gero, ya kuma kashe wuri, sulalla yake so a hannu. Wanda gona ba ta fitar masa da kuɗin ba, da an kai amfani gida sai ya naɗe tabarmarsa ya tafi cin rani, wani Jos haƙar kuza, wani Kurmi, wani har Gwanja, ya dawo da abin da zai miƙa wa mai gari.

Ba Bature ya ƙago haraji a ƙasar nan ba. Tun zamanin sarakunan Zamfara da na Gobir ana karɓar kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin sana'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin zaluncin sarakuna a littafinsa Kitabul Farƙi. Duk da haka, da daula ta zauna, wasu daga cikin kuɗaɗen nan sun sake ɓullowa a masarautu tare da zakka. Abin da Turawa suka yi bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 shi ne tattara su wuri ɗaya. Dokokin Gwamna Lugga na 1904 da 1906 suka mai da su haraji guda da ake yanka wa kowane gari, a ƙirga baligan maza a raba musu, jangali kuma ya tsaya a kan kowace saniya. Abin da aka tara a kasa shi biyu, kashi na gwamnati, kashi na En'e. Zuwa 1911 baitulmalin En'e ya kafu a manyan masarautu.

Daga wannan baitulmali makarantun elemantare na lardin Sakkwato suka fito, da albashin malamansu, da alli da allon bango. Ke nan talaka ne ya gina makarantar boko tun ranar farko, ba tare da an shawarce shi ba, kuma ba kuɗinsa kaɗai ake nema ba, har da ɗansa. A aiko wa uban ƙasa cewa ya kawo yara kaza, shi kuma ya raba wa masu gari. Iyaye su ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su dangi, mai hali ya kai gaisuwa a tsallake gidansa, a ƙarshe ɗan wanda ba shi da gata ko ɗan baran gidan sarauta shi ake sa wa suna a takarda. A gefe guda ga makarantar allo da ta zaure, su ma jama'a ke ɗauke da su, amma da kuɗin Laraba da sadakar sauka da taya malam noma. Waɗannan ba dogari ba ɗan doka. Duk mai son gane dalilin da ya sa boko ya daɗe bai shiga zuciyar mutanen karkara ba, to ya fara duba yadda kuɗin kowacce ke zuwa.

Yadda ake karɓar harajin ya fi adadinsa ciwo. Yaron da bai gama balaga ba a ɗaga hammatarsa a ce ya isa. Wanda ya biya aka hana shi rasit ya sake biya. Wanda ya gaza a tsare shi a rana a ƙofar mai gari, ko a sayar da akuyar matarsa. Jangali kuwa da damina ake ƙirga, Fulani su kora wani garken cikin daji ko su ƙetara ƙasar Faransi, wadda daga Zurmi ba nisa. Kuɗin shanu ya zama abin da ake kama manya ma da shi. Ahmadu Bello Sardauna, wanda aka tura Gusau a 1938 ya kula da gundumomin gabashin Sakkwato, an tuhume shi da cin kuɗin jangali a 1943, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Idan jikan Shehu ya sha wannan, sai a auna abin da makiyayi ke sha.

Lokacin da siyasar jam'iyyu ta shigo, da haraji ta shigo. A zaɓen 1951 namiji mai biyan haraji shi ke da baki a matakin farko. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta ɗauki kukan haraji da jangali da aikin tilas ta mai da shi taken lacca. NPC ta amsa da cewa in babu haraji babu makaranta, babu ɗakin shan magani, babu rijiya. Ƙasar Sakkwato ba ta yi wa NEPU daɗin zama ba, don bulala da ɗauri na jiran mai lacca a gaban alƙali, amma garuruwan tasha irin su Gusau da Ƙauran Namoda, inda teloli da 'yan koli da mahauta da baƙi suka taru, nan ta fi samun masu kasa kunne. A Jihar Yamma ne aka ga ƙarara abin da ke faruwa idan aka haɗa kuɗin makaranta da akwatin zaɓe. Gwamnatin Awolowo ta ɗora wa masu biyan haraji ƙarin kimanin sule goma don ilimi da lafiya, aka yi tarzoma a wasu garuruwa, NCNC ta riƙe maganar a bakinta, kuma a zaɓen tarayya na ƙarshen 1954 ta fi jam'iyyar Awolowo kujeru a cikin gidansa. Bai janye ba, a Janairun 1955 aka buɗe firamare kyauta. Jihar Gabas ta gwada a 1957, kuɗi ya gaza, da ta dawo da kuɗin makaranta a 1958 mata suka fito kan titi.

Ƙuri'ar raba gardama ta gaskiya ba ta yi yawa a tarihin Najeriya ba. An yi ta a arewacin Kamaru a 1959 da 1961, wadda ta haifar da Lardin Sardauna, an kuma yi ta a 1963 don cire yankin Benin da Warri daga Yamma. Duka a kan iyaka ne. Tsarin mulkin 1999 ma bai tanadi irinta ba sai wajen ƙirƙiro jiha ko ƙaramar hukuma da wajen yi wa ɗan majalisa kiranye. Ba a taɓa rubuta wa ɗan ƙasar nan tambaya a takardar zaɓe ba cewa ga haraji kaza, ga abin da za a yi wa makaranta da shi, ka yarda ko ba ka yarda ba.

Akwai wani ɗan gajeren zamani da ya kamata a riƙa tunawa. Bayan juyin mulkin 1966, Shehu Shagari ya koma gida ya zama sakataren asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, wanda Zamfara na cikinsa. Da gudummawar jama'a aka gina makarantun firamare masu yawa da wasu na sakandare cikin 'yan shekaru. Mutanen da aka ce ba sa son boko su ne suka ba da kuɗin, don wannan karon roƙonsu aka yi, kuma sun ga ginin da idonsu. Sai man fetur ya zo. A Sakkwato Janar Gowon ya sanar da shirin firamare kyauta ga kowa a Janairun 1974, gwamnatin Obasanjo ta buɗe shi a Satumbar 1976. An shirya wa yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, kusan miliyan 3 suka zo. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka horar da malamai cikin gaggawa. A shekarar ce kuma aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Kuɗin makaranta ya daina hawowa daga ƙauye, ya koma saukowa daga Legas.

Zaɓen 1979 shi ne mafi kusa da ranar da aka tambayi talakan Arewa ra'ayinsa a kan waɗannan abubuwa. An yi shi sau biyar, daga 7 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta, na gwamnoni ya faɗo ranar 28 ga Yuli, kuma shi ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a. Alkawura uku ne suka yi karo. UPN ta Awolowo ta ce ilimi kyauta a kowane mataki. NPN ta Shagari ta ce ba yawa ba, inganci, ta haɗa da noma da gidaje. PRP ta Malam Aminu Kano ta ce a soke haraji da jangali. Jihar Kano, wadda Jigawa na cikinta, ta zaɓi Muhammadu Abubakar Rimi. Jihar Kaduna, wadda Katsina na cikinta, ta zaɓi Abdulƙadir Balarabe Musa. Jihar Sakkwato, mahaifar Shagari, ta tsaya ga NPN da Shehu Muhammadu Kangiwa, babbar abokiyar hamayya a can ma GNPP ce ta Waziri Ibrahim, ba PRP ba.

Da aka rantsar da su a farkon Oktoba, Rimi da Balarabe ba su jira komai ba, suka shelanta soke haraji da jangali. Hujjarsu ba ta tsaya ga nauyin kuɗin ba. Sun ce haraji ne igiyar da sarauta ke riƙe da wuyan talaka, da shi ake tsorata ɗan adawa, kuma abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da kason man fetur. Labarin bai tsaya a iyakar jiha ba. Mutumin Zurmi da ke cin kasuwar Jibiya ya ji da kunnensa cewa a nan an yafe, ya koma gida inda ake jiran nasa. Gwamnatin da ke son a sake zaɓenta ba ta iya jure wannan, shi ya sa jihohin Arewa da dama suka bi sahu. Ƙuri'ar Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa ta sauke wa waɗanda ba su jefa ta ba kaya.

Masu adawa da sokewar ba duka ne masu kare aljihunsu ba, kuma adalci ne a faɗi hujjarsu. Sun ce haraji ne kuɗin da ƙaramar hukuma ke da shi na kanta, wanda ba ta jira a aiko mata, kuma firamare na wuyanta. Sun ce da littafin haraji mai unguwa ke sanin wanda ya shigo da wanda ya fita, da rasit ɗin jangali kuma makiyayi ke nuna cewa shi ma ɗan ƙasa ne mai haƙƙin burtali da mashaya. Bayan rikicin Maitatsine na Disambar 1980 wannan magana ta ƙara ƙarfi, har gobe kuma ana jin ta a bakin dattawan Zamfara idan ana zancen yadda daji ya lalace.

A ganina sokewar daidai ce. Kuɗin da ake karɓa daidai wa daida daga mai shanun noma goma da mai fartanya ɗaya, a kuma karɓe shi da wulaƙanci, ba abin da za a yi kewa ba ne. Rimi ya kuma nuna ba gudun ilimi ya sa shi ba, don a 1980 ya kafa hukumar ilimin manya wadda UNESCO ta karrama a 1983. Amma an bar tambaya ɗaya ba amsa, kuma ba PRP kaɗai ta bar ta ba: idan fetur ya faɗi, wa zai biya malamin ƙauye? Ba a samu sukunin zama a kanta ba. Majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Ranar 10 ga Yuli aka yi tarzomar Kano, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. A ƙasar Zamfara kuwa, tun Afrilun 1980 manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakinsu sun ga amsar da hukuma ke ba talakan da ya ce a'a ba ta hanyar akwati ba: 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta.

Fetur ya faɗi. A Afrilun 1982 Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu, malaman firamare a jihohi da yawa suka yi watanni ba albashi. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 gwamnonin soja suka dawo da haraji, wani wurin da tsohon sunansa, wani wurin da sunan kuɗin raya ƙasa, suka kuma sa kuɗin makaranta. Iyaye suka janye yaransu. Abin da ƙuri'a ta soke, sanarwar rediyo ta dawo da shi. Babangida ya buɗe muhawara a 1985 kan ko a karɓi bashin IMF, jama'a suka ƙi, a Disamba ya ce an fasa, amma a 1986 sharuɗɗan bashin suka shigo da sunan SAP. A wannan lokacin ne kuma, ƙarƙashin dokar ta-ɓacin tattalin arziki ta Oktoban 1985, aka shiga albashin ma'aikata aka yanki wani kaso.

Nan labarin ya koma kan mai albashi, don shi ne wanda ba ya iya ɓoye garkensa. A Fabrairun 1978 gwamnatin soja ta haɗe ƙungiyoyin ƙwadago zuwa 42 ƙarƙashin NLC, Hassan Sunmonu ya zama shugaba, doka kuma ta ce a riƙa cire kuɗin ƙungiya tun daga tushe kafin albashi ya iso hannu. Malamin firamare a Shinkafi ya zama mai biyan ƙungiyar malamai ta NUT ko ya cika takarda ko bai cika ba. Da wannan kuɗi ƙungiyoyi suka yi ƙarfin da suka yi yajin aikin Mayun 1981, wanda ya kawo mafi ƙarancin albashi na naira 125. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana kashe kuɗin dole na mambobi a kan siyasa sai in ƙa'idar ƙungiyar ta yarda. Bayan yaje-yajen aikin farashin mai da Adams Oshiomhole ya jagoranta, gwamnatin Obasanjo ta gyara dokar a 2005, shiga ƙungiya ya zama ganin dama. Gwamnati ta ce 'yancin ma'aikaci take karewa, NLC ta ce fiffikenta ake son karyawa. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma a zauren majalisa aka yanke, ba a ɗakin malamai ba. Kan kuɗin ƙungiya aka ɗora kashi 2.5 na asusun gidaje tun 1992, da na fansho bayan dokar 2004 ga waɗanda ta shafa. A maƙwabciyarmu Sakkwato, bayan Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a ƙarshen 2015, an riƙa cire wani ɗan kaso daga albashin ma'aikata da masu muƙaman siyasa, aka damƙa wa kwamitin da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ke shugabanta don gyara da gina makarantu.

Akwai inda ake kai irin waɗannan tambayoyi na haraji da kuɗin makaranta da yankan albashi gaban masu zaɓe kai tsaye. A Jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1911 jama'a na da ikon tara sa hannu su sa ƙuduri a takardar zaɓe. Da wannan iko suka daƙile harajin gidaje a 1978, abin da ya rage wa makarantu kuɗin da suke samu daga garuruwansu ya mai da su masu jiran gwamnatin jiha. Ranar 6 ga Nuwamba 2012 ƙudurori uku suka haɗu a takarda ɗaya. Mai lamba 30 na Gwamna Jerry Brown ne: a ƙara harajin sayayya da kwata ɗin kashi ɗaya cikin ɗari na shekara huɗu, a ƙara harajin masu samun sama da dala 250,000 na shekara bakwai, in kuwa ya faɗi za a zabge kimanin dala biliyan 6, mafi yawa daga makarantu. Mai lamba 38 na wata lauya ne, Molly Munger: a ƙara wa kusan kowa haraji na shekara 12, a samu kimanin dala biliyan 10 a shekara. Idan duka biyun suka ci, wanda ya fi ƙuri'a shi zai tsaya. Mai lamba 32 kuma ya nemi a hana amfani da kuɗin da aka cire daga albashi wajen siyasa.

Masu goyon bayan 32 suka ce ba daidai ba ne a ciri kuɗin ma'aikaci a tallafa wa ɗan takarar da ba ya so. Ƙungiyar malaman jihar da sauran ƙungiyoyin ƙwadago suka ce kamfanoni ba da yankan albashi suke siyasa ba, da ribarsu suke yi, don haka bakin ma'aikata kaɗai za a rufe. Kuɗi ya yi aiki ƙwarai. Molly Munger ta kashe sama da dala miliyan 40 a kan nata, ɗan'uwanta Charles Munger ƙarami ya kashe sama da miliyan 30 don a kayar da na gwamna a kuma tabbatar da 32. Da aka ƙirga, na gwamna ya ci da kimanin kashi 55, na 38 bai kai kashi 30 ba, na 32 ya faɗi kamar yadda irinsa suka faɗi a 1998 da 2005. Tsarin na da aibi babba, tunda 'ya'yan attajiri ɗaya na iya cika gidajen talabijin da muryarsu. Abin da nake ganin ya cancanci a duba shi ne an rubuta wa mai zaɓe farashi, da wa'adi, da abin da zai rasa in ya ƙi, sannan mutane suka ɗora wa kansu haraji da hannunsu.

Zamfara ta samu jiharta ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma tun daga ranar mafi yawan abin da take kashewa daga kason tarayya yake zuwa. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kafin ta ɗauka. Shinkafi ta fitar da gwamna, Mamuda Aliyu Shinkafi, daga 2007 zuwa 2011. A 2019 kuwa ƙuri'ar ma ba ta tsira ba, domin ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, duk abin da aka jefa mata ya tashi a banza. An kai lokacin da hukumomin jarrabawar WAEC da NECO suka riƙe sakamakon ɗaliban jihar saboda bashi, sai bayan hawan Gwamna Dauda Lawal, wanda ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Nuwamban 2023, aka shiga biyansa. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019, sai a 2024 ma'aikatan Zamfara suka fara ganinsa.

Mafi muni shi ne harajin da ya dawo ta bakin bindiga. A ƙauyukan Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, da na Isa da Sabon Birni a tsallaken iyaka, 'yan bindiga na yanka wa gari kuɗi kafin a yi shuka, su sake yankawa kafin a yi girbi, a bi gida gida a tara. Sunan Bello Turji ya fi kowanne fitowa a wannan yanki, kuma a 2024 jaridu sun ruwaito tarar miliyoyin naira da ya ɗora wa Moriki. Makaranta ce ta fara jin jiki. An kai hari makarantar 'yan mata ta Moriki a Mayun 2019, an kwashe ɗalibai 279 a Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, bayan satar ɗalibai a Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba kuma gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu, aka katse layukan waya, ga kasuwannin mako a rufe. Magidancin da ya sayar da ɗan bijiminsa ya biya kuɗin daji, ba za a yi masa zancen harajin ilimi ya saurara ba, kuma ba shi da laifi.

Wata takaddamar kuma a Abuja aka yi ta. A Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin haraji huɗu. Ranar 28 ga watan gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin VAT ba, don a ganinsu zai fifita inda kamfanoni da cinikayya suka taru. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta tashi a kan wani sashen daban. Ita ta yi yajin 1992, lokacin shugabancin Attahiru Jega, wanda ya haifar da harajin ilimi na kashi 2 a kan ribar kamfanoni a 1993, ga shi kuma sabon ƙuduri na neman janye kason TETFund, asusun da ke karɓar wannan haraji, sannu a hankali har ya ƙare a 2030. Malaman addini suka yi huɗuba, 'yan majalisa suka yi cacar baki, aka yi zaman jin ra'ayi a Fabrairun 2025. Wannan karon a'ar ta yi tasiri. VAT ya tsaya a kashi 7.5, aka sassauta tsarin rabon, TETFund ta tsira da rabin sabon harajin raya ƙasa na kashi 4, aka sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yuni 2025.

Kuɗin TETFund na isa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983. Ba ya isa firamaren Jangeru. Harajin ilimi na 1993 da farko har firamare da sakandare yana ba kaso, dokar 2011 ce ta keɓe shi ga manyan makarantu kaɗai. Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, NUT ke neman a ware albashin tun daga sama kafin kuɗin ya sauka, saboda malamai ba su manta da shekarun da suka yi a hannun ƙananan hukumomi ba, bayan rushe hukumar firamare ta ƙasa a 1991, kafin a maido ta a 1993.